Yadda Za Ka Shiga Zanen Yajin Aikin da Ba Ka Je Ba

Ƙungiyar ma'aikatan masaƙarku ta ɗauko mai zane zai cika bangon zauren taro da tarihin babban yajin aikin nan, har za a buga ƙananan kwafi a sayar wa masu tara zane. Kai kuwa ranar yajin kana gida, ka naɗe fuska da tawul, wai ciwon haƙori. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari jikokinka za su gan ka a sahun gaba.

1. Riƙe tsani

Mai zanen bango rabin rayuwarsa a sama yake yi, fuskar da ke ƙasa ita ya fi haddacewa. Riƙe masa tsani, miƙa masa gwangwanin fenti. Kada ka roƙi komai. Ɗaga kai kawai, ka yi ajiyar zuciya, ka ce, "Malam, yadda ka zana ƙofar nan sai da tsigar jikina ta tashi. Daidai nan na tsaya."

2. Nemo tabo

Duba jikinka, ba za a rasa ba. Na ƙaurinka, wanda ka samu da ka faɗo daga keke, ya wadatar. Naɗe wando kamar zafi ne ya dame ka. In mai zanen ya tambaya, girgiza kai: "Bari kawai, ba na son tunawa." Masana sun tabbatar tabon da aka ƙi yin bayaninsa ya fi kowane girma.

3. Inna mai zare

Ita ce ta tsaya a bakin ƙofar masaƙa ranar yajin har aka yaga mata mayafi, kuma kullum sai ta dogaro sanda ta zo duba bangon. Za ta ƙare maka kallo ta ce, "Ɗan nan, ni fa ban gan ka ba ranar."

Durƙusa. Ka ce, "Inna, ina za ki gan ni cikin hayaƙin nan? Ni ne mai tari a bayanki."

Kowa ya yi tari ranar. Ba ta da yadda za ta yi da kai.

4. Uwar 'ya'yanka

Ita ta jiƙa maka tawul ɗin, saboda haka ranar buɗe zanen ka ce mata taron maza ne. Za ta zo duk da haka. Da an yaye labulen ta buɗe baki ta ce, "Baban yara, wai kai ne wancan? Ba kai ne kake ta nishi a kan..." sai ka ɓarke da waƙar ƙungiya iya ƙarfin muryarka. Jama'a za su amsa.

5. Sha yabo

Ga ka nan a bango, kanka ya taɓo rufi, hannu a dunƙule, ƙirji kamar ƙofar sito. Har gashin da ya zube an mayar maka. Masu sayen kwafi za su nemi ka sa musu hannu. Sa, amma da nuna gajiya.

6. Daga nan kuma

Manajan masaƙa ma ashe mai tara zane ne. Zai sayi kwafi ya rataye bayan kujerarsa, ya sa a kira ka. Zai dubi bango, ya dube ka, ya ce, "Ashe kai ne." Ko kujera ba zai nuna maka ba.

Kafin ka gama jin wannan, an rage lokacin hutun rana, ƙungiya ta kira sabon yaji. Abokan aikinka za su cika ƙofar gidanka, su danƙa maka lasifika: "Yallabai, kai za ka shige gaba, kamar yadda ka saba." Inna tana cikinsu, ta ce wannan karon a gefenka za ta tsaya don ta gan ka da kyau.

Nan ilimina ya ƙare.

Gargaɗi: ba ruwana da takardar sallama, dushewar murya, ko sabon tabo na gaske. Fentin ba ya goguwa, kwafin kuma sun riga sun watsu gidajen mutane. Duk wanda ya tambaye ni, zan ce a bango kawai na san ka.