Ranar da ƙasar bayan gonarmu ta yi hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin 'yar maƙwabtanmu ba, a shekarun farin nan da gero ya ƙi fid da kai, muka koma ga tafasa da rama muna kiransu abinci.

A lokacin, duk bikin da za a yi daga ƙauyenmu har Tsanyawa, ni mata ke kewayewa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma in na buɗe baki da labari, mai daka sai ta ajiye taɓarya. Kwatsam sai ga Tabawa ta dawo daga Kamaru, inda ta je gudun yunwa wajen ɗanta direba. (Tabawa fa! Wadda ko gaisuwa sai ta yi tuntuɓe a cikinta.)

Ina shiga gidan bikin na tarar an yi mata zobe. Wai a can akwai dutse mai aman wuta. Wai sai ya yi gurnani, ya turnuƙe sama da hayaƙi, narkakken dutse ya gangaro kamar kunu.

"Ai ƙasar nan rai gare ta," in ji ta. "Cikinta tafasa yake, ta bakin dutsen take numfashi. In tokar ta huce kuwa, ko sanda kika kafa sai ta tsiro."

Mata suka ɗau salati. Uwar amarya ta miƙa mata goro, ni ko kallona ba ta yi ba. 

Na ce, "To Tabawa, sai an je Kamaru? Tamu ƙasar ce matacciya? Ni da idona nake ganin ƙasa tana hayaƙi a bayan gonarmu, yau ma na gani." Kuma na hango ɗin, daga nesa, ban dai taɓa matsawa ba. Na ƙara da cewa har gurnani nake ji. (Wannan kam gishiri ne.)

Ta ce, "Yaya, ai gani ya kori ji."

Da na yi dariya da an wuce wurin. Ina! Na miƙe, na gyara ɗaurin zani, na ce, "Ku taso."

Haka muka jero ta cikin gonaki, ni a gaba kamar mai jan raƙumi. Muna isa gindin wani tsohon suri, ga hayaƙi kuwa yana fitowa daga ƙasa. Wata ta fara kalmar shahada, wata ta saɓi ɗanta ta juya. Ni ko sai kumbura nake.

Sai ƙasa ta motsa. Wata ƙatuwar gafiya ta yi fit, ta bi ta tsakanin ƙafafun uwar amarya. Daga bayan surin wani ya taso da kara mai wuta a hannu, riga a naɗe, ido jawur, yana ihu, "Ku tare ta! Ku tare ta!"

Maigidana ne. Malam, mai jan sallah in liman ba ya nan. Ashe ta wancan ramin yake tura hayaƙi, ta wannan yake fita.

Na ce, "Malam, me zan gani haka?"

Haushin ta kuɓuce ya sa ya manta da jama'a. Ya ce, "Abin da kike ci a miya kina cewa zabon nan ya yi daɗi!"

Tabawa ko murmushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Gaskiya Yaya, naku ya fi. Na Kamaru wuta kaɗai yake amai, naku har da nama."

Ranar miyarmu lami, Malam kuma ya yi ta gaba da ni. Tun daga nan Tabawa ake kewayewa a biki, kuma labarin da aka fi roƙonta ba na Kamaru ba ne.

Ku yaran yanzu, in hassada ta taso muku, ku yi ta a zaune. Mai ba da labari ba ta cewa "ku taso."