Yadda Za Ka Hana Na'urarka Tona Asirin Farfesa

Na'urarka tana tsala ihu, manyan baƙi uku sun toshe kunne, Farfesa kuma yana tsaye a kanta da takalmin da ya zaga gonar kajinsa da safe. Shi ne zai sa hannu a kundin digirinka ran Alhamis. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fita da digirinka, shi ma da mutuncinsa.

Mataki na 1: Kada ka kalli ƙasa

Shekara uku kana gasa 'yan ƙwallayen tsatsar ƙarfe masu rami a ciki, waɗanda ido ba ya gani, kana barbaɗa musu zinare don su ji iskar amoniya mai zarni tun kafin hanci ya ji, su sa na'urar ihu. To ga shi sun ji. Kashin kaji kuwa gidan amoniya ne. Kalli silin. Masani na gaske sama yake kallo.

Mataki na 2: Ɗora wa wanda ba ya nan

Ce, "Ranka ya daɗe, ruwan goge ƙasa ne." Idan mai shara ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ji tsoron Allah, yau ko bokiti ban taɓa ba," yi tari ka wuce gaba.

Mataki na 3: Zuba bayani

Kana magana kana jan na'urar zuwa taga. Faɗi "nano" sau bakwai. Babban mutum ba ya cewa bai gane ba.

Mataki na 4: Idan ya biyo ka

Zai biyo. Zai ce, "Kai, me take ji haka?" Russuna ka ce, "Malam, ƙwallayen ba sa son ƙura, da dai an cire takalma." Fara cire naka. Baƙi za su bi, shi ma dole. Kwashe takalman waje, ja ƙofa. Tsit. Karɓi tafinka. Batun safa kuma sai addu'a.

Gargaɗi

Ban san ka ba, ban san hanyar ɗakin gwajinku ba, abin da ya biyo baya naka ne. Har da matar da ta turo ƙofa yanzu, riƙe da takalmin Farfesa da yatsa biyu.

"Kai ne mai na'urar?" in ji ta. "Zo ka gwada mini wannan. Tun bara Baban yara ya rantse mini ya sayar da kajin nan."