Yadda Ake Ɗauko Amarya da Motar da Ba Ta Tashi Sai Ta Ga Dama

Ni Abu Gazi, shekara ashirin da shida ina sayar da siminti a garin Salt, aji huɗu na yi na bar makaranta, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Kai mai tsohuwar mota wadda yau ta tashi gobe ta ƙi, ka bi abin da zan faɗa maka ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari za ka kai ta inda ka nufa, kuma hannun surukinka ba zai taɓa ta ba. A kaina na gwada.

1. Fara da rantsuwa a gaban mutane

Ran da na sayo tawa, Abu Nayif, yayan matata, mai gyaran wayar mota, ya leƙa cikin bonet ya ce wayoyinta sun fi kakarsa tsufa. A zauren dangi ya faɗa, ana zuba gahawa. Nan take na rantse cewa wannan motar ce za ta ɗauko amaryar ɗana Gazi, ita ce a gaban ayari, kuma har abada yatsan Abu Nayif ba zai sauka a kanta ba.

Kai ma ka yi haka. In ba ka rantse ba, da ta fara gardama za ka kai ta wurin wanda ya iya, a gyara cikin minti goma, ka rasa labarin bayarwa.

2. Koyi zama a cikin motar da ta ƙi tashi

Ka murɗa mukulli, inji ya yi ta juyawa, bai kama ba. Maƙwabta suna baranda. Kada ka fito, kada ka buɗe bonet. Ɗaga hannuwa ka fara addu'ar tafiya, ka ja ta. In ka gama ka sake murɗawa. In ta ƙi, ciro carbi.

Wata biyu ina haka, har limamin unguwarmu ya kawo misali da ni a wa'azi. Ya ce akwai bawan Allah da ko burodi zai sayo sai ya yi rabin awa yana zikiri. Ban gyara masa ba. Gyara wa malami magana rashin ladabi ne.

3. Canza duk abin da lafiyarsa ƙalau

Batir tukuna. Sai fulogi. Sai ka kankare kan batir da wuƙar kicin ta matarka, ka mayar mata ba tare da ka ce komai ba. Duk abin da ka canza, motar za ta tashi kwana uku a jere don ta faranta maka, ka zagaya kasuwa kana cewa ka gano matsalar. Ran na huɗu za ta mutu a ƙofar shagon surukinka. Tawa sau biyu ta yi min haka. Na kulle ta na shiga wurin aski da ke gefe, duk da a makon aka yi min aski.

4. Kada ka amince da gangara

Mu mutanen Salt duk wanda motarsa ta tsufa a kan tudu yake ajiye ta, hanci ƙasa. Ka saki birki, ka sa giya ta biyu, ka ɗaga ƙafa daga kuloci, shi ke nan. Haka ubana ya yi, haka na yi. Na gangaro tun daga ƙofar gidana har tsohuwar kasuwa, motar tana tari tana girgiza, ba ta kama ba ko sau ɗaya. Daga baya na gane cewa mai ne ba ya zuwa inji, kuma ko daga saman hasumiya ka turo ta, motar da ba ta sha ba ba za ta tashi ba. Maza shida suka turo min ita zuwa gida. Har yau biyu daga cikinsu ba sa amsa sallamata da fara'a.

5. Saurari tanki

Kashe rediyo, kore kowa, murɗa mukulli rabi, ka kasa kunne a kujerar baya. In ka ji ɗan zuuu, famfon mai ya farka, za ta tashi. In shiru, je ka sha shayi. Wannan ni na gano da kunnena, ba wanda ya koya min. Abin da ban gano ba shi ne me ke sa famfon barci.

6. Karɓi ilimi daga matarka, amma kada ka tambayi inda ta samo

Saura kwana biyu biki, matata Ummu Gazi ta ajiye min faranti ta ce ta ji a rediyo wai akwai wasu ƙananan baƙaƙen akwatuna kamar kwalin ashana kusa da fis, ana ce musu rile. Ɗaya ne ke ba famfon mai wuta. In ya gaji, sai a cire na kusa da shi, iri ɗaya ne, a musanya su. Har ta ce na uku daga hagu.

Na ce wace tasha ce ta san motata har na uku daga hagu?

Ta ce, "Ci abincinka, Abu Gazi."

Na ci. Da ta shiga wanka na je na musanya. Sau goma sha ɗaya na murɗa, sau goma sha ɗaya ta tashi.

7. Kafin ka cire abu, tambayi aikin me yake yi

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa na rubuta maka.

Ranar Juma'a da la'asar muka fito, an naɗe motata da furanni, mota ashirin da uku a bayana. Ka san yadda muke zuwa ɗaukar amarya: tun daga ƙofar gida ake danna hon, kuma uban ango ne ke farawa. Na danna. Shiru. Na danna da gwiwar hannu. Shiru. Ashe rilen da na ciro na hon ne, mataccen kuma shi na mayar masa. Duk ayari yana tsaga gari, ni a gaba kamar mai rakiyar gawa.

Da muka isa, Abu Dargam, uban amarya, yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ya fito da 'yarsa ba. Mata sun riga sun kai masa labari tun daga baranda. Ya ce a gaban kowa, "Abu Gazi, in zuciyarka ba ta son wannan auren, faɗa min yanzu. 'Yata ba za ta shiga motar da ta zo shiru ba."

Gazi ya dube ni, gumi har cikin kwala. Ya ce, "Baba, don Allah."

8. Faɗi gaskiya, amma a taƙaice

Na ce motar ce ba ta da lafiya, ba zuciyata ba. Abu Dargam ya ce bai ji ba. Na maimaita yadda na ƙarshen layi zai ji. Sai ga Abu Nayif ya ratso mutane a hankali, yana gyara rawaninsa, ya sa hannu a aljihun rigar biki ya ciro sabon rile fil a kwalinsa. Tun safe yana ɗauke da shi, maƙetacin. Ya miƙo min da yatsa biyu, ya koma baya taku uku, ya haɗa hannuwa a baya.

"Saka da kanka," in ji shi. "Ni ba zan karya maka rantsuwa ba. Na huɗu daga hagu."

Na buɗe bonet a gaban dangi biyu, furanni suna zubowa, na saka. Na danna hon ban ɗaga hannu ba sai da Abu Dargam ya toshe kunne yana dariya, ya shiga ya fito da 'yarsa a ƙarƙashin alkyabbarsa. Motata ta kai ta gida, a gaban ayari, kuma a rubuta: hannun Abu Nayif bai taɓa ta ba.

Gargaɗi

Wanda ya bi waɗannan matakai motarsa ta gangara cikin shagon wani, ko surukai suka riƙe amarya, ko liman ya tambaye shi dalilin da ya sa ya daina zikiri, kada ya zo shagona. Siminti nake sayarwa. In kuma ka ga dole sai ka nemi mai gyaran wayar mota, ban aike ka ba, ban san shi ba, amma shagonsa yana gefen wurin aski.