Yadda Na Gyara wa Malam Sani Kekensa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Treichville ba, ranar da na kayar da mahaifin yarinyar da nake so daga kan keke, alhali ina tsaye can gefe ko taɓa shi ban yi ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa Abidjan daga Maradi ba. Shekarun da aka buɗe sabuwar gada ke nan, mutane na zuwa kallonta kamar wurin biki. Ina koyon gyaran keke a bakin kasuwar Adjamé wajen wani mutumin Jula mai suna Bakari. Dogo yake kirana (a harshensu ƙane ke nan, amma da yake ni gajere ne, Hausawan kasuwa sun sha dariya kafin a yi musu bayani). Aikina bai wuce faci da buga iska da wanke sarƙa da kananzir ba. Ƙasan keke kuwa, inda ƙafafun feda suke haɗuwa da farantin nan mai haƙora da ke jan sarƙa, Bakari ba ya barin kowa ya sa hannu. Su can plato suke ce wa farantin. (Ranar farko da ya ce in ɗauko plato, na zaci Plateau, unguwar Turawa, zai aike ni, har na fara neman takalmina.)

Duk Lahadi nakan tsallaka gada zuwa gidan Malam Sani a unguwar Treichville, inda ma'aikatan tashar jirgin ruwa suke ɗaukar karatu. Ni ma karatun nake zuwa, haka dai nake gaya wa kaina. Gaskiyar magana, 'yarsa Rabi ce ke kawo mana ruwan sha. Idan ta ajiye kwano takan ɗan dube ni ta wutsiyar ido, ni kuma sai layin da nake karantawa ya ɓace mini. Har yau idan na ji ƙamshin soyayyar ayaba da yamma, tsakar gidan nan nake gani, da kukan jiragen ruwa daga nesa, da ita tana wucewa.

Malam yana da wani tsohon baƙin keke. Haƙoran farantinsa sun cinye, sarƙa sai zamewa take yi. Wata rana ya yi ƙorafi a gabanmu, kafin ya rufe baki na yi caraf.

"Allah gafarta Malam, ai aikina ne. Ni zan sa masa sabo."

Rabi tana bakin ƙofa. Ta ce, "Ashe kai makanike ne? Na ɗauka faci kawai kake yi."

"Faci ai na masu koyo ne," in ji ni, ko kunyar Allah ban ji ba.

Na samu Bakari da maganar. Ya ciro mini faranti mai kyau da ƙafafunsa biyu daga wani keken da ya mutu, ya ce, "Dogo, kawo keken nan mu ɗaura tare." Na ce mai shi ba ya son kekensa ya tsallaka ruwa. (Ta yaya Rabi za ta ga gwanintata idan a Adjamé aka yi aikin?) Ya girgiza kai, ya miƙo mini wasu 'yan ƙusoshi biyu masu gefe ɗaya a shafe, waɗanda ke riƙe ƙafar feda a jikin ƙarfen tsakiya.

"Kilabet ke nan. Dusuman da su, a hankali. In ka ci su da magagari da yawa, ba su riƙewa."

Na ce na ji. Rabin hankalina yana Treichville.

Ranar Alhamis da la'asar na kifar da keken a tsakar gidan Malam. Rabi ta ɗauko tire ta zauna tana tsintar shinkafa, ba nesa ba. Da farko abin ya tafi daidai. Na fitar da tsohon farantin, na wanke ƙwayoyin boris, na shafa musu giris, na mayar da su. Na ɗaura farantin a dama, na buga ƙusarsa da guduma ta zauna daram, na ɗora sarƙa. Sai ƙusar hagu ta ƙi shiga.

"Ta gagara ne?" Rabi ta tambaya.

"Wane irin gagara? Lallashi take so."

Na ɗauki magagari na hau gogawa. Ina gogawa tana tambayata labarin Maradi, wai da gaske ne babu teku a garinmu, to ina rana take faɗawa? Ni kuwa da ban taɓa samun doguwar hira da ita irin wannan ba, ban so gugar ta ƙare. Da na gwada ƙusar, sai ta zurma sulul kamar an shafa mata man gyaɗa. Maimakon gabana ya faɗi, sai na ɗaga kai na dubi Rabi, wai ta ga aiki. Na ɗaure noti, na juya feda da hannu, sarƙa ta yi ta gudu shiru. Malam ya fito ya sa mini albarka har sai da na ji kaina ya yi girma.

Washegari bayan sallar Juma'a, jama'a sun cika bakin masallaci, 'yan kasuwa, 'yan dako, kowa da kowa. Malam ya jawo kekensa, ya hango ni, ya nuna ni da hannu.

"Kun ga ɗan nan? Shi ya mayar mini da keke sabo."

Ya tattare babbar riga ya hau. Ya taka sau ɗaya lafiya. Ya miƙe tsaye ya danna na hagu da ƙarfinsa, sai na ji ƙwas!

Ƙusar ta fita. Ƙafar hagu ta saki, fedojin biyu suka koma ƙasa a tare, Malam ya rataye a tsakiya yana neman abin takawa. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya miƙe sai kan tiren wata mai sayar da acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi. Rawani ya warware. Matar ta hau zazzaga masifa da harshen da ban sani ba, amma na gane kowace kalma. Ƙafar fedar kuwa ta fice gaba ɗaya, ta gangaro ƙararrau ta tsaya daidai gabana, kamar ta san mai ita.

Malam ya tashi, gemu duk garin rogo, ya kakkaɓe riga ya ce, "Ɗana, dama haka sabon gyaran yake, ƙafa biyu a tare?"

Wurin ya kece da dariya. Na waiga, ga Rabi a bakin lungu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban san sa'ad da na zura da gudu ba. Da ƙafa na tsallaka gada, na ratsa Plateau, ban tsaya ba sai rumfar Bakari.

Daga nan na ɗauke ƙafa. Damina ta zo ta wuce ban je Treichville ba. Idan na hango mutumin unguwarsu a kasuwa sai in duƙa bayan tayoyi. Kullum ina tunaninta, kullum ina cewa sai Lahadi mai zuwa.

Ranar da na yi ta maza na je, Malam ya tarbe ni da fara'a.

"Ina ka shiga? Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Washegari Rabi har abinci ta ajiye maka, ta ce tabbas za ka zo duba ni."

Na sunkuyar da kai. Can na ce, "Tana ciki?"

Ya ce an ɗaura mata aure da wani direban babbar mota, suna zaune a garin Bouaké. Ita ta ce tana son sa.

Sau ɗaya na ƙara ganinta, a tashar motar Adjamé, da goyo a bayanta. Muka gaisa, na fara kame-kamen ba da haƙuri a kan keken. Ta yi murmushi ta ce, "Ni fa faɗuwar dariya ta ba ni, Baba ma har yau yana ba da labarin. Gudun da ka yi ne ya ba ni haushi." Aka kira motarsu, ta tafi.

Na yi shekaru ina gyaran keke bayan haka, har na koma Maradi na buɗe rumfata, kuma babu wanda ya sake faɗuwa ta dalilina. Na yi aure, na ga jikoki, alhamdu lillahi. Amma abin da nake gaya wa samari shi ne, idan Allah Ya ƙaddara ka kayar da wanda kake fatan ya zama surukinka a gaban jama'a, ka kwana da kunyarka, da sassafe ka wanke fuska ka je ka gaishe shi. Mai yiwuwa an ajiye maka abinci.