Rasuwar Mai Tari, Bayan An Warkar da Shi

Da zuciya cike da baƙin ciki, sabo a kan tsoho, ni Badaru Usmanu, tsohon malamin tarihi a Isa, nake sanar da 'yan uwa da abokai, da waɗanda suka daɗe suna yi mana dariya a hanya, rasuwar babur ɗina da aka fi sani da Mai Tari. Ya rasu ranar Talata da hantsi a bakin ramin tsaro na Tungar Maje, gaba da Tozai. Ya rasu da cikakkiyar lafiya. A duk rayuwarsa bai taɓa samun lafiya irin ta wannan safiyar ba.

Marigayin baƙo ne, ya shigo ƙasar nan ta Maraɗi tun zamanin da ake kwana da ƙofa a buɗe, kuma ya haura shekara arba'in a hannuna. Wanda ya san irinsa a hoto ba zai gane shi ba, domin matata, marigayiya Mas'uda, ta sake masa halitta. Da ciwon baya ya kama ta, ta sa na kai shi wajen mai walda aka faɗaɗa kujerar baya, aka kafa mata majingini na ƙarfe, dukawa suka lulluɓe su da jar fata. Aka yi mata matakin katako a gefe ɗaya don ta zauna a karkace, ƙafafunta a haɗe. Tankin kore ne, ita ta zaɓi launin. In muka shiga kasuwar Bafarawa, masu tireda sukan ce ga Malam nan ya ɗauko falonsa.

Tarin kuwa ya same shi ne wata damina da muka tsallaka gulbi, dutse ya huda masa salansa. Tun daga ranar ya samu muryar da ba wani babur mai irinta: ƙaf, ƙaf, ƙaf-ƙaf, sai ya yi shiru kamar ya cika, sannan ya ce bam. Na so in gyara, Mas'uda ta hana. Ta ce da tarin nan take sanin lokacin da za ta sallami matan da suka zo taya ta zagina. Haka ya yi ta tari daga Isa zuwa Sabon Birni, zuwa Gatawa, zuwa duk ƙauyen da aka tura ni duba makaranta.

Bayan ƙasa ta lalace, ƙarar babur ta zama abin da mace ke ji ta saki taɓarya ta suri yaro. Mutanenmu sun koyi karatun ƙara fiye da duk karatun da na sha wahalar koya musu. Sun san gurnanin baburan daji, mai laushi, mai sauri, wanda ba ka jin sa sai ya iso. Mai Tari kaɗai ne a yankin nan ake jin tahowarsa a ci gaba da daka. Yana da nasa aibi. Yana shan baƙin mai kamar ana raba shi sadaka, kuma ba ya tashi da safe sai an roƙe shi. Amma bai taɓa ɗaukar mutum uku da bindiga ba, bai taɓa kai ɗan kowa daji ba. A wannan zamani, ban san mutane da yawa da za a yi wa shaidar da ta fi wannan ba.

Da Mas'uda ta rasu na jingine shi a zaure na rufe da tabarma. An ce in yi haƙuri, na yi. Ba wanda ya ce dole in riƙa fita.

Abin da ya sa na ɗaga tabarmar shi ne 'yata Safiyatu, wadda ke aure a Tungar Maje. Mutanen daji sun tafi da mijinta tun farkon damina, har yau ba labari. Tana cikin watan haihuwa. Haihuwarta ta fari sai da aka yi mata aiki, kuma likita ya gaya mata da babbar murya cewa ta gaba ma a asibiti za a yi ta. Na zagaya tasha ina neman direban da zai je ya ɗauko ta. Kowa ya yi mini addu'a mai kyau.

Sai na tura marigayin zuwa wajen Hafizullahi bakanike, na ce ina so ya zama abin da za a ɗora mai ciki a kai ba tare da fargaba ba. Ina shaida cewa ya yi aiki. Tayoyin da zama ya tsattsaga ya canja su. Ya sa sabon birki gaba da baya, da sabuwar waya. Ya zuba tsakuwa da fetur a tanki ya yi ta girgizawa har tsatsa ta fita. Ya wanke kafireta, ya jiƙa sarƙa a kananzir ya ɗaure ta daidai, ya canja fulogi. Majinginin Mas'uda ya tsage a gindi, aka sake masa walda. Matakin da gara ta ci aka sassaƙa sabo. Na ɗaure buhun gero a kujerar baya na yi ta zagaya filin ƙwallo ina taka birki, in ga ko zai zame. Buhun bai motsa ba.

Saura salansa. Hanyar Tozai tana ratsa wuraren da mai hankali ba ya son a ji shi, kuma ban ga hikimar a yi ta cewa bam a ƙarƙashin mace mai tsohon ciki ba. Hafizullahi ya duba hudar ya ce, "Malam, in na liƙe wanga rami, ko kaza ba ta jin wucewarka." Alkawari ya yi mini, kuma ya cika shi. Koren fentin ya ɓaɓɓare, sai ya fesa baƙi don kada tanki ya riƙa walƙiya daga nesa. Wani maƙwabci da ya yi acaɓa a kudu ya ara mini hular kwano mai rufe fuska. Na naɗe doguwar laima a zane na ɗaure ta a gefe, don in kare Safiyatu daga rana. Duk abin da muka yi, babu littafin kula da babur da zai ce mun yi kuskure. Na karanta da yawa daga cikinsu. Ba ɗaya da aka rubuta a Gobir.

Ranar Talata na tashi bayan rana ta fito. Kik ɗaya ya kama, abin da bai taɓa yi ba ko yana yaro. Na ratsa Tozai ba wanda ya ɗaga mini hannu, na ɗauka nasara ce.

Ga abin da Tungar Maje ta gani. Wata mata tana kan rumbu ta hango baƙin babur yana tahowa ba ƙara, da mutum marar fuska a kai, da dogon abu a naɗe a gefensa. Ta yi kururuwa. Kafin in iso, gari ya zube cikin dawa. 'Yan sa-kai suka ja igiyar da suke ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu a mashigar gari. Birkin yana da kyau ƙwarai, sai dai ban ga abin da za ni taka shi dominsa ba. Igiya ta ɗauke ni, na faɗa rami, ƙafata ta karye a ƙasan gwiwa. Marigayin ya kwanta a baki, injinsa yana ci gaba da gurnani a hankali, cikin ladabi.

Dokar 'yan sa-kan ita ce a fara ƙona babur, don kada mai shi ya gudu ko 'yan uwansa su zo su ɗauka. Suka buɗe tankin da muka wanke da tsakuwa. Jar fatar kujera ce ta fara kamawa. Daga cikin rami na ji ƙaurinta. Bai yi tari ba ko sau ɗaya.

Sai bayan nan aka sauko aka cire mini hula. Shugabansu Faruk ne, na koyar da shi a aji shida. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, kai na? To ina tarin? Wallahi da mun ji tarin nan, da ruwa za mu tarbe ka." Na ce masa mun warkar da shi. Ya ce, "Wa yac ce a warkar da shi, Malam?"

Ba na ƙarar kowa. Sun binne mutane da yawa a garin nan saboda sun tsaya tambayar wane ne. Ban ma san wurin wa ake kai ƙara ba yanzu.

Safiyatu ta gudu tare da sauran mata, ta faɗi a kan kunyar gona, aka riƙo ta aka dawo da ita. Da ta tarar da ni kwance a ɗakinta maɗori yana ɗaure mini kara a ƙafa, ta ce, "Baba, ni ma na hango ka. Na ce wanga ko a zamanshi babu imani." Ta yi dariya kaɗan, sannan ta dafe mararta. Tun daga ranar ciwon yana zuwa yana komawa. Ungozoma ta taɓa ta ce ɗan a gicciye yake, ba aikin hannunta ba ne. Babu amalanke a garin, domin shanu da jakai duk an kore su tuni. An yi shawarar a ɗauke ta a kan ƙyaure, ungozoma ta ce ba za ta kai ba. Waya ba ta shiga nan. Na zo ɗaukar mutum ɗaya, yanzu ina kwance kusa da ita muna jira tare.

Marigayin ya bar mai shi, wanda ba ya iya tsayuwa. Ya bar hular aro, ba ko ƙwarzane a jikinta, mai ita zai same ta lafiya. Ya bar ƙasusuwan laima. Ya bar Hafizullahi, wanda bai ji labari ba tukuna, kuma na tabbata yana can Isa yana nuna wa mutane inda ya liƙe ramin.

Game da jana'iza: ba za a yi wanka ba, wuta ta riga mu. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu. Mutanen gari sun roƙi a bar musu ƙashinsa su tare mashiga da shi, na amince, don haka a nan za a ajiye shi, a bakin ramin, inda ya faɗi. Na ba mai tallar kanwa wannan takarda, zai kai ta kasuwar Bafarawa da ƙafa. Duk wanda ta shiga hannunsa ya karanta da ƙarfi, ya ɗauki hotonta ya tura Isa da Sabon Birni.

Za a karɓi gaisuwa a Tungar Maje, ɗakin Safiyatu, daga yanzu. Ba a bukatar goro, ba a bukatar a ce in yi haƙuri. Ana bukatar mai ta'aziyya ɗaya mai abin hawa. Ya taho da rana, fuskarsa a buɗe, ya fara danna ham tun daga Tozai. In babur ne ya kwance salansa ya bar ta a gida. In ya iso igiya ya tsaya ya kira sunana. Ba za a ba shi tabarma ba, za a ɗora masa Safiyatu ya juya Isa nan take. Ni a bar ni, ƙafa tana iya jira.

In ba wanda ya zo, sanarwar da za ta bi bayan wannan ba ta babur ba ce, kuma ba na jin za ni iya rubuta ta.

Badaru Usmanu,
Tungar Maje.