Fasfon da Na Ɗinke Kamar Laya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a filin jirgin Khartum ana farke min laya a gaban jama'a ba, ni da a unguwarmu ta Omdurman ko mai shago sai ya miƙe tsaye in na shigo.

Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka, ya iso nan ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna. Ubana ma bai je ba. To da ɗana na fari (ba za ku ji sunansa a bakina ba, uban Nafisa dai) ya ce zai kai ni Umra, sai na ji kamar tafiyar gidanmu gaba ɗaya aka ɗora min in ƙarasa. Wannan tun gari yana lafiya ne. Aka yi min fasfo, aka buga biza, na karɓe abina na sa a lalita. Ni ba na barin abu mai daraja a ɗaki, jikokina har ƙarƙashin katifa sun san hanya.

Maƙwabciyata Hajja Zainabu ce ta ɗaga min hankali. Muna shan jabana, gahawarmu ta hantsi, ta juya fasfon ta nuna min wata 'yar alama a bango.

"Kin ga wannan? Akwai ɗan ƙarfe a ciki, siriri kamar ɓawon albasa. Ba sai an buɗe ba, na'ura daga nesa take karanta shi."

"Ta karanta me?"

"Komai. Sunanki, shekarunki, inda kika je, inda kika yini."

"Wa ya ba su izini?"

"Ke kuma, da aka ɗauki zanen yatsunki an tambaye ki?"

Gahawar nan ba ta ƙara yi min daɗi ba, don ina da sirri. Likita ya hana ni mai da gishiri, uban Nafisa kuma ya tsaya a kai kamar soja. Ni kuwa lokaci-lokaci nakan ce zan je ta'aziyya, in hau bas har Jabal Awliya, in zauna a bakin ruwa a soya min kifi, a zuba shatta, yajin barkononmu, da lemun tsami. (Mutanen da na kashe da baki a Jabal Awliya, Allah Ya ƙara musu tsawon rai.)

Na tambayi Nafisa, jikata mai karatun shari'a a jami'a, mai ce min Habboba, wato kaka a bakin mutanen nan. Ta ce, "Habboba, ba ya bin sawun kowa. Sai an kawo shi dab da na'ura. Kuma a wasu ƙasashen akwai dokar da ta faɗi wa zai karanta da abin da zai yi da shi."

"Mu fa?"

"Mu ana ta magana dai. In kin damu, ƙarfe yana tare shi, akwai masu sa nasu a jaka mai ƙarfe."

Duk bayanin nan, ƙarfe kaɗai na ɗauka. Na yanko gwangwanin madara, na nufi kasuwa wurin Malam Idi baduku, wanda ya ɗinka wa duk 'ya'yana layu. Na ce ya sa gwangwani sama da ƙasa, ya rufe da jan fata, ya yi masa igiya.

Ya ce, "Hajiya, ni dai na ji an ce buɗe shi ake yi."

"Ka taɓa hawa jirgi?"

"A'a."

"To ɗinka."

Ya ɗinka kuwa, ɗinki mai kyau. Na ɗaura a damtse, na ci gaba da zuwa ta'aziyyata hankali kwance.

Ranar tafiya uban Nafisa ya ce, "Inna, fasfo yana wurinki?" Na ce yana inda ya fi naka tsaro. Ni a zatona, tunda daga nesa ake karantawa, damtse kawai zan miƙa. Gwangwanin da na sa don ya hana karatun kuwa, sam ban haɗa su a kaina ba.

Ina ratsa ƙofar bincike ta ɗau ƙara. Na koma, na sake, ta sake. Wata 'yar sanda yarinya ta laluba ƙarƙashin lafayata ta ciro shi.

"Ya Hajja, laya ce?"

Na ɗaga kai na ce, "Fasfo ne, 'yata."

Nafisa, da ke tare da mu, ta rufe fuska da mayafi. Aka aro reza, ɗana ya durƙusa yana farke ɗinkin Malam Idi zare ɗaya-ɗaya, gwangwani ya faɗo ƙasa da hoton saniya a jiki. Sai ga shi basilla ta huda gefen bangon fasfon. Jami'in da ke kan tebur ya duba ya ce, in ƙarfen ciki ya mutu, Hajja ba ta tashi yau, kuma bai san yaushe ba.

Kakana hamada ce ta tare shi, ni kuma gwangwanin madara.

"Inna, me ya kai ki?" in ji ɗana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Don kar ya gaya maka ina zuwa Jabal Awliya cin soyayyen kifi."

Jami'in ya ɗora fasfon a kan na'ura. Shiru. Ya goge shi a hannun rigarsa ya sake ɗorawa. Sai ta yi 'yar ƙara, ga hotona ya fito, fuska a murtuke. Na ce wa Nafisa ta karanta min duk abin da ke wurin, kar ta rage. Sunana, ranar haihuwar da wani ma'aikaci ya ƙiyasta min, sai lambobi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Habboba."

"Babu kifi?"

Jami'in ya buga hatimi, yana danne dariya. Ya miƙo min ya ce, "Allah Ya karɓa, ya Hajja. Wurin wa kike ci? Nima can nake zuwa."

Na je Makka, na yi ɗawafi, na yi wa iyayena addu'a har muryata ta dushe. A hanyar dawowa uban Nafisa ya ce daga yau duk ta'aziyyar da za ni shi zai kai ni.

Har gobe ina nan a kan tambayata, ya kamata a gaya wa mutum wa ke karanta shi, da inda ake ajiye abin da aka karanta. Nafisa ta ce in ta gama karatu za ta bi min kadi. Amma na gane abu ɗaya: ko an yi dokar, ba za ta kare ni daga bakina ba, shi kuma Malam Idi ya ce ba ya ɗinka irin wannan.