Yadda Ake Auna Wutar Taransifoma a Gaban Suruki

Shekara biyu ke nan surukinka yana kiran ka "Injiniya", kai kuma kana amsawa, alhali iyakar sana'arka canza fuskar waya. Yau ya ce ka haɗa masa na'urar da za ta nuna ƙarfin wutar gidansa, kada firjinsa ya sake ƙonewa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fita da mutuncinka, ko da guntunsa ne.

1. Baza kaya
Zube komai a tsakar falo: ƙaramin taransifoma mai volt sha biyu, wayoyi, ƙaramin allo, resistoci masu rage ƙarfin wuta, da 'yar ƙwaƙwalwar nan da ake kira maikurokontirola. Ɗaure fuska. Injiniya ba ya fara'a.

2. Soka wayar taransifoma kai tsaye
Masana za su ce ƙafar awon ƙwaƙwalwar volt biyar kawai take ɗauka, wutar taransifoma kuwa hawa take tana gangarawa har ƙasa da sifili, sai an rage ta da resista. Rabu da su, hassada ce. In hayaƙi ya tashi, ka ce, "Baba, wannan gwaji ne." Mai hankali dai ƙwaƙwalwa biyu yake sayowa.

3. Kama lissafi
Yanzu sa resistocin a ɓoye. Umarci na'urar ta auna sau dubu, ta fitar da matsakaici. Hawa zai cinye gangara, allo ya nuna sifili. Gyara murya ka ce, "Baba, ai babu wuta a gidan nan." Kada ka ɗaga kai, fanka na juyawa a samanka.

4. Haɗiye
Tsoho zai jawo kujera ya ce, "Ɗana, wutar nan zuwa take tana komawa. Ƙololuwarta ake kamawa, sai a yi lissafi daga nan. Miƙo abin, kafin a haifi matarka na yi shekara bakwai ina naɗa taransifoma."
Nan fa kunya za ta kama ka har wuya. Duk da haka daure ka tambaya: "To Baba, me ya sa kuke ce mini Injiniya?"
"'Yata ce ta roƙe ni. Ta ce kana jin daɗi."

Gargaɗi: Ƙonewar na'ura, tashin fis, ko kasa haɗa ido da matarka a hanyar komawa gida, duk ba ruwan mai wannan rubutu. Ni ma nawa surukin bai daina kira na Likita ba.